Tabon da Sabulu Ba Ya Fitarwa

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Ya karatu, ya sanyin garin naku? Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita bakin ƙofa da kanta ta zauna tana gyara wa masu wucewa tafiya. Baban Kanari yana kan hanya kamar kullum, motarsa ta fi ni ganinsa. Kunnena yana nan yadda ka bar shi, don haka kada ka sake cewa in kira ka a waya. Ran nan da aka miƙo min kai ban ji komai ba sai kamar ana tara ruwa a bokiti. Na yi ta cewa "to, to", ban san abin da na amsa ba. Ni in ban ga bakin mutum ba, rabin maganarsa ta wuce ni. Takarda ta fi min.

Shagon wanki yana tafiya. Injin na biyu ya fara yoyo, na tara masa roba. Jiya wata ta kawo min baƙin siket da bilic ya ɗiga a kai, wai in dawo mata da launinsa. Na ce mata, baiwar Allah, ni datti nake fitarwa, abin da bilic ya ci kuwa ya tafi ke nan.

'Yarka Kanari tana gaishe ka, in ma ta bar ni na rubuta, don tun ɗazu take zuba a kaina. Kwanaki ta kai hannu kan dutsen guga ta ƙone a wuyan hannu. Ya warke. Mai kemis ya ba ni wasu ƙwayoyi masu taushi, launin zuma, ya ce in riƙa huda ɗaya da allura ina shafa mata man don tabon ya kwanta. Ya kwanta kuwa, sai dai wurin ya yi fari. Akwai kuma wani ɗan fari a gefen idonta na hagu, bai kai ƙwayar wake ba.

Yanzu ka faɗa min, don Allah, wane irin aiki kake yi a can? Inna ta gama gaya wa unguwa cewa likita ne kai, har an fara kawo mata ciwon baya ta aika maka. In an tambaye ni sai in yi dariya kawai.

Taka,
Yaya

*

Wa alaikumus salam, Yaya.

Takardarki ta same ni lafiya, na kuma yi murna da jin ƙafar Inna. Ni ma lafiya lau, sai mura da ta ɗan taɓa ni ta sake ni. Ki ce wa Kanari kawunta ya ce dutsen guga ba abokin wasa ba ne. Farin tabo bayan ƙuna ba abin damuwa ba ne, yakan ɗauki lokaci kafin ya koma.

Ki gaya wa Inna ba na duba marasa lafiya. Abin da nake dubawa ba ya tari, ba ya ƙorafi. A cikin fatar kowa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne masu yin launi. Aikinsu ke nan, su rina mutum daga ciki. Mu muna kiwon irinsu a ƙananan farantan roba, muna zuba musu wani ruwa ja-ja a matsayin abinci, muna ajiye su a wani akwati mai kama da firij, amma shi ɗumi yake yi daidai na jikin mutum. Namu ma na ɓera ne, kada ki gaya wa Inna wannan. In kika leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu za ki gan su kwance sun miƙa hannuwa kamar saiwa.

Nawa aikin shi ne bitamin E. Ashe ba abu ɗaya ba ne, dangi ne su takwas, wasu a manja, wasu a man dusar shinkafa. Ina ɗiga wa kowane faranti iri ɗaya, in jira, sannan in kankare ƙwayoyin in sa su a injin da ke juyawa kamar injinki na matse kaya. Sai su taru a gindin kwalba, ɗan ɗigo. Ga hoto na sa miki. Ki duba kwalaben daga hagu zuwa dama. Ta farko ba a ba ta komai ba, kin ga ɗigonta baƙi wuluk. Ta ƙarshe ita ta sha mafi yawa, kin ga yadda ta koɗe. Ranar da na fara ganin wannan, baki har kunne na wuni. Shugabarmu da ba ta yabon kowa ta tsaya ta kalla, ta ce in sake, wanda a wurinta yabo ne.

To kin ji. Ke kina fitar da tabo daga kaya, ni ina rage wa ɓera baƙi. Jinin gida ɗaya ne.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, da fatan murar ba ta dawo ba. Inna tana gaishe ka.

Na ga hoton. Ban nuna wa kowa ba tukuna.

Ina da tambaya, ka amsa min dalla-dalla, kada ka yi min wasa. Wannan E ɗin naka, shi ne wanda ake sayarwa a kemis, mai mai a ciki? Na ga an rubuta harafin a jikin wata kwalba. Kuma waɗannan ƙwayoyin da suka koɗe, sun koɗe ke nan kamar kayan da bilic ya ci, ko akwai yadda ake yi launin ya dawo? In akwai, yaya kuke yi?

Ka amsa da wuri.

Yaya

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata ƙalau. Ban taɓa samun gajeriyar takarda daga gare ki irin wannan ba, ko labarin injin mai yoyo babu. Kuma Kanari ba ta aiko da ko gaisuwa ba, ki ce mata na yi fushi.

Na yi dariya da na karanta tambayoyinki. Shekara da shekaru ina karatu ba ki taɓa tambayata ko launin littafina ba, sai yanzu da kika ji ana rage baƙi. Yaya, ko dai wata mai haɗa man bilicin ce ta zuga ki ku buɗe sana'a da sunana? Ko ke ce za ki fara, da girmanki? In haka ne ki cire ni a ciki. Baƙinki ya yi miki kyau, shi Baban Kanari ya gani ya bi ki.

Amsar ta farko: e, dangi ɗaya ne da na kemis.

Ta biyu kuwa kin yi tambayar masana, don ita shugabarmu ta sa na gwada a makon jiya. A farantanmu launin yana dawowa. Ƙwayoyin ba su mutu ba, aikin kawai suka rage. Abin da nake yi shi ne in tsotse ruwan maganin, in wanke su, in sake wankewa, in kuma sakewa har in tabbata babu sauransa, sannan in zuba musu sabon abinci. In an wanke da kyau, a hankali sai su koma baƙinsu. In aka yi wankin ganin ido, sai su zauna a koɗe. Sirrin duk a wankin yake, ke kuwa ba sai an koya miki wanki ba.

Ki gaishe da Inna. Ki aiko min da labari mai tsawo.

Auta

*

Yaya,

Ina fatan lafiya. Ni dai ina nan, aiki ya yi yawa.

Wata ya wuce, wani ya bi shi, ban ga takardarki ba. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu, har mai gadin gininmu ya fara girgiza min kai tun daga nesa. Na kira Baban Kanari, yana kan hanya, ya ce kowa lafiya, sai dai Kanari ba ta zuwa makaranta, wai kin ce tana hutawa. Hutun me? Layin ya yanke kafin in ji.

In maganar bilicin ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri, tsokana ce irin wadda muka saba. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Auta

*

Auta,

Na samu takardunka duka biyu. Inna lafiya, ƙafar ta ɗan tashi amma da sauƙi. Ni jikina lafiya.

Ba fushi nake ba. Na zauna zan rubuta sau da yawa, in ajiye biron. Yau dai zan faɗa maka, don na rasa yadda zan yi.

Man da nake shafa wa Kanari a tabon ƙuna, bitamin E ne. Ban sani ba sai da takardarka ta zo, na ɗauko kwalbar na duba. Na ajiye hotonka kusa da hannunta tana barci, kwalbarka ta ƙarshe da wuyan hannunta. Da hannuna na huda, da hannuna na shafa, safe da yamma, ina jin daɗi wai ina kula da 'yata. Na idon kuma na san ita ta kai hannu ta murza.

Da ka ce launin yana dawowa in an wanke da kyau, sai na ji kamar an sauke min kaya. Na zubar da ƙwayoyin kemis ɗin. Na ce ai wannan aikina ne. Na fara da sabulun wanka, ban ga canji ba, na koma sabulun sanda na shago da sabon soso. Ina jiƙa wurin da ruwan ɗumi in dirza, safe da yamma. Da na tuna man yana bin jiki in an yi gumi, sai na haɗa da wuya da kafaɗu da baya. Ka ce wankin ganin ido ba ya yi, ban yi na ganin ido ba.

Auta, ƙaruwa yake yi. Na hannun ya hau bayan yatsu. Na idon ya kewaye fatar ido. Yanzu akwai a wuya, akwai a tsakiyar baya, fari fat kamar madara. Na hana ta makaranta don na ce bari ya koma tukuna kafin yara su sa ta a baki. Wata mai kawo min zannuwan gado ta gan ta, ta ce albaras ne, wai dangin kuturta, ta kwashe kayanta ba ta dawo ba. Babanta bai san da maganar man ba. Inna ma ba ta sani ba.

Kanari ta daina surutu. Ka san yarinyar da ko abinci a bakinta tana ba da labari. Yanzu in ta ji ƙarar bokiti sai ta shige bayan teburin guga ta yi gum. Ba ta kuka, tsayawa kawai take yi ta runtse ido har in gama. Shekaranjiya na miƙa hannu zan gyara mata ɗankwali, ta kauce. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Ka faɗa min abin da nake yi ba daidai ba. Da wane irin ruwa kuke wanke naku? In akwai wani sabulu na musamman ka aiko, ko ka rubuto sunansa.

Yayarka

*

Yaya,

Ki yafe min, gaisuwar tana ƙasa. Abu na farko: ki daina wankin nan yau. Ki jefar da soson. Wanka da hannu, da sabulu mai laushi, a tsane jiki da tawul ba gogewa.

Na biyu: ba man ne ya yi mata wannan ba. Ki karanta layin nan sau biyu. Ƙwayoyina tsirara suke kwance a faranti, babu fata a kansu, maganin yana zaune a kansu dare da rana. Na ɓera ne. Irin E ɗin da ya koɗar da su ma ba shi ne ya fi yawa a ƙwayar kemis ba. Da na ce miki dangi ɗaya ne, ya kamata in ƙara da cewa ba halinsu ɗaya ba. Kuma ki sake duba hoton, kwalbar ƙarshe ta koɗe ne, ba ta yi fari kamar madara ba. Mutane da yawa suna shafa man nan a tabo, ba haka yake yi musu ba.

Akwai wata likitar fata da ke zuwa gininmu, na karanta mata inda kika kwatanta tabon. Ta ce ba za ta yanke hukunci a kan yarinyar da ba ta gani ba, amma ya yi kama da abin da suke kira bitiligo. Jiki ne da kansa yake kuskure, sai ya far wa ƙwayoyin launinsa kamar baƙi ne. Ba kuturta ba ce. Ba a ɗauka a zanin gado, ba a ɗauka a kwano. Ba abin da wani ya ci ko ya shafa ba ne. Yana zuwa wa yaran da ba su taɓa ganin kwalbar kemis ba.

Na uku shi ne mai wuya, na daɗe ina kallon takardar kafin in rubuta. Ciwon nan yana son inda fata ta ji rauni. Ƙuna, ƙarzuna, dirza. Shi ya sa ya fara a wurin dutsen guga. Kuma mai yiwuwa ne na wuya da na baya soson ne ya buɗe musu hanya. Na so in ɓoye miki wannan, in ce kawai ki daina. Amma na san ki. In ban gaya miki dalili ba, za ki huta kwana biyu ki ce bari ki ɗan ƙara gwadawa.

Ke kin dirza, ni na ce sirrin a wanki yake. Kin gaya min farin tun a takardar farko, na amsa miki da layi ɗaya na shiga yabon kwalabena. Kin yi tambaya cikin tsoro, na mayar da ita tsokana. Ina jin kunya, Yaya, kuma raina ya ɓaci da kaina.

Ki kai ta babban asibiti, ki ce sashen fata kike nema, kada ki tsaya a kemis. Akwai man da suke bayarwa, akwai kuma wani haske da suke sa mutum a ciki. Na fuska yakan ji magani, na yatsu yana da taurin kai. Ba zan yi miki alkawarin komai zai koma ba. Ki kare mata wuraren daga rana, don babu launin da zai tare musu. Ki gaya wa babanta. Ki mayar da ita makaranta, kada ki jira launi.

Ina gaida Inna. Ki ce wa Kanari kawunta ya janye fushinsa.

Auta

*

Assalamu alaikum, Auta.

Da fatan kana lafiya, kai da ɓerayenka. Mu alhamdulillahi. Inna ta samu sanda, ta ƙi dogara ta, nuna mutane take yi da ita. Baban Kanari ya zo ya koma. An gyara injin mai yoyo, yanzu na farkon ne ya fara.

Na daɗe ban rubuto ba, wannan karon ba ɓoyo nake ba, jira na yi in samu abin faɗa. Takardarka na karanta ta a tsaye. Layin da ka ce in karanta sau biyu na karanta ya fi sau goma. Da na kai na ukun sai da na nemi wuri na zauna a kan ƙunshin kayan mutane. Na ji haushinka ranar, ba zan ɓoye ba. Ka sauke min ɗaya ka ɗora min wani. Amma gaskiyarka, da ba ka faɗa ba da na ƙara gwadawa, don har na sayi wani soso na ajiye.

Na gaya wa babanta. Ya ce shi ma da ya ga hoton, tunanin da zai yi ke nan. Shi ya kai mu asibiti.

Likitar ta kashe fitila ta haska mata wata mai shuɗin haske, wuraren suka fito tar, har da waɗanda ido bai fara gani ba. Sunan da ka faɗa shi ta faɗa. Da ta ɗaga mata riga ta ga bayan, sai ta tsaya. Ta ce, "Wa yake dirza ta haka?" Ina kallon bakinta, na ji sarai. Kafin in buɗe nawa, Kanari ta ce, "Ni ce nake sosawa." Yarinyar da ta yi watanni ba ta haɗa kalma uku ba. Likitar ta dubi tsakiyar bayan, inda hannun yaro ba ya kaiwa, ta dube ni. Na ce, "Ni ce, likita." Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce ba ni ce ta farko ba, ta rubuta magani.

Muna zuwa hasken da ka faɗa. A gefen idon wasu ɗige-ɗige baƙaƙe sun fara fitowa a cikin farin, kamar an yayyafa barkono. Likitar ta ce daga gindin gashi suke tasowa, a can wasu ƙwayoyin suka ɓuya. Na hannu bai motsa ba, ta ce mu sa a rai zai iya zama haka. Kanari ta koma makaranta. Akwai masu tsokana, akwai wadda ta matsa daga bencinta, akwai kuma wadda ta matso. Ta gaya wa ajinsu kaf kawunta kiwon ɓera yake yi, don haka maganar likitancinka ta ƙare a unguwar nan.

Man da aka ba mu, ita take shafa wa kanta. Tana shiga banɗaki ta sa sakata. Na ƙyale ta, ni na jawo. Na baya kuwa ba ya samun magani, Inna ba ta gani sosai, babanta ba ya nan.

Ranar Laraba da la'asar ina ninke zannuwa, sai ga Kanari da man a hannu. Ta ce, "Umma, hannuna ba ya kaiwa." Ta juya min baya ta ɗaga riga.

Ka san hannuna, sabulu ya gama da shi, kamar bayan itace. Na juya shi, na lakato man da bayan ɗan yatsana, na fara shafawa. Kafaɗunta a ɗage suke, a ƙame. Can sai na ga sun sauka. Sai kuma na ji murya. Ta fara ba ni labari, na makaranta ne ina jin, akwai malama a ciki, akwai wani takalmi. Ta ba ni baya, ba na ganin bakinta, ban kama ko rabi ba. Ban ce ta juyo ba. Man ya daɗe da shiga, ina ta shafawa ina cewa "to, to".

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci. Hoton kwalaben yana hannun Kanari, ta liƙa shi a bangon gadonta, ta ce in tambaye ka ko ta ƙarshen ta koma baƙinta.

Taka,
Yaya